Darasin Darwin A Ajin Kimiyya: Me Za Mu Faɗa Wa 'Ya'yanmu Na Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa?

Kowace shekara, idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, malamin Bayoloji a ajin ƙarshe na sakandare yakan iso wani babi da malamai da yawa ke so su ratsa shi da gudu. Shi ne babin sauyawar halittu, inda ake ambaton Lamarck da Darwin, a nuna hoton raƙumin dawa da dogon wuyansa, a kawo maganar ƙasusuwan da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa. Ɗalibin da ya taso a gidan Musulunci, ya yi allo, ya ji ƙissar Annabi Adamu (AS) tun kafin ya iya rubuta sunansa da boko, sai ya ji zuciyarsa ta yi nauyi. Idan mai ƙarfin hali ne, yakan kai maganar zaure bayan sallar Isha'i, ya durƙusa ya ce, “Allah Ya gafarta Malam, wai da gaske ne mutum daga biri ya fito? Idan na rubuta haka a jarrabawa, ina imanina?”

Amsar da irin wannan yaro ya fi samu a wurinmu iri biyu ce. Ko dai a daka masa tsawa a ce ya bar zancen kafirai, ko kuma a ce masa ya haddace ya zuba a takarda ya manta. Duka biyun ba su kashe ƙishin ba. Na farko ya koya masa cewa addini na tsoron tambaya. Na biyu ya koya masa cewa ilimin makaranta ƙarya ce da ake yi don neman takardar shaida. Yaron da aka sallama da ɗayan waɗannan zai ɗauki wayarsa ya nemi amsa a intanet, inda masu neman raba shi da addini da masu neman raba shi da makaranta duk suke jiransa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dalilin da maganar ta yi nauyi a wannan yanki

A wasu ƙasashen wannan muhawara ce ta zauren jami'a. A kudancin Jihar Katsina kuwa akwai abin da take tuna mana. A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Hukumomi sun ce 'yan fashin daji ne suka yi aikin, amma kafin a sako yaran, Abubakar Shekau ya fitar da saƙon murya yana iƙirarin cewa mutanensa ne, kuma sun yi ne don yaƙar karatun boko. Wanda ya gabace shi, Muhammad Yusuf, a hirarsa da BBC a 2009 ya lissafa abubuwan da yake ganin sun sa karatun ya saɓa wa Musulunci. Daga ciki akwai cewa ruwan sama daga tururi yake samuwa, da cewa duniya a dunƙule take, da kuma ra'ayin Darwin.

Malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Sheikh Muhammad Auwal Albani Zariya, Allah Ya jiƙansu, sun yi raddi ga masu haramta boko, kuma al'umma ta karɓa. Sai dai raddin gaba ɗaya bai shiga kowane babi na littafin Bayoloji ba. Har yau uban da ke Faskari ko Sabuwa, wanda ya jure fargabar hanya da tsadar rayuwa ya bar ɗansa ko 'yarsa a ajin kimiyya, yana da haƙƙin ya san abin da ake koyarwa a wannan babi, da inda ya dace da aƙidarsa, da inda ake buƙatar taka-tsantsan. Yankin da ke ƙarancin likitoci da ungozomomi da malaman gona ba zai iya asarar ko ɗalibi ɗaya saboda ruɗanin da za a iya warwarewa ba.

Abin da Darwin ya faɗa

Charles Darwin, mutumin Ingila, ya wallafa littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859. Jigon maganarsa abu uku ne. 'Ya'yan kowane mai rai ba sa zama daidai da juna. Wasu daga cikin bambance-bambancen nan ana gadonsu. Kuma ana haihuwar fiye da abin da abinci da muhalli za su iya ɗauka, don haka waɗanda siffarsu ta fi dacewa da wurin su suka fi tsira su hayayyafa. Idan aka daɗe ana wannan tankaɗe da rairaya, zuriya bayan zuriya, sai nau'in ya sauya. Daga nan ya kai ga cewa masu rai duka suna haɗuwa a tushe, kamar rassan bishiya. A 1871 ya shigar da mutum cikin lissafin.

Ya kamata mu gyara wani kuskure da ya yaɗu, domin wanda zai yi raddi dole ya fara da faɗin gaskiyar abin da abokin muhawararsa ya ce. Masu wannan ilimi ba su ce biran da muke gani a dajin Rugu su ne kakannin mutum ba. Cewa suka yi jikin mutum da na wasu manyan birai sun haɗu a wani tushe mai nisa, miliyoyin shekaru da suka wuce. Haka nan ya kamata mu sani cewa mafi rinjayen masana ilimin halittu a yau, har da Musulmi da ke koyarwa a jami'o'i, suna aiki da wannan nazariyya, kuma binciken ƙwayoyin gado da aka yi bayan Darwin ya ƙara mata ƙarfi a wurinsu. Idan muka ce wa yaro masana sun daɗe da watsar da ita, ran da ya shiga jami'a ya ga akasin haka, zai fara shakkar sauran abubuwan da muka faɗa masa.

Abin da muke gani a gona da asibiti

Wani sashe na wannan ilimi ba baƙo ba ne ga manomi. Duk wanda ya taɓa ware zangarniyar dawa mafi kyau ya rataye ta don iri, ko makiyayin da ya zaɓi bijimin da zai bar wa garke, ya san cewa zaɓe na sauya zuriya. Ta haka aka sami farar saniya Bunaji da ja Rahaji da Gudalin Sakkwato. Masarar da ta cika gonakin Sabuwa da kasuwar Ɗandume asalinta wata ciyawa ce mai 'yan ƙwayoyi kaɗan a ƙasar Meziko, manoma suka yi ta zaɓe tsawon kusan shekara 9,000. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya wannan aikin take yi da ilimi idan za ta fitar da sabon irin masara ko auduga ko wake. Darwin kansa da misalin masu kiwo ya buɗe littafinsa.

A asibiti kuwa darasin ya fi ɗaci. Manyanmu sun tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku. Me ya faru da shi? A cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin bai kashe ba. Su suka rage, suka hayayyafa, har suka mamaye. A 2005 Najeriya ta sauya manufarta, ta koma ga magungunan haɗi na ACT. Irin wannan ne ke faruwa idan aka yi ta fesa magani ɗaya ga ƙwarin auduga ko tsutsar masara, wadda aka fara ganinta a Najeriya a 2016. Shi ya sa likita ke cewa a shanye magani ko an ji sauƙi, malamin gona kuma ke cewa a riƙa sauya maganin feshi.

Misali mafi kusa da gidajenmu shi ne sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da jinin AS, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan jariran da ake haifa da cutar. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka a ƙasashen da sauro ya yi yawa, masu AS suka fi tsira a ƙuruciya, gadon ya yaɗu. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Wannan sanin ne ya sa ake kiran a yi gwaji kafin ɗaurin aure, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Wanda ya ce babin gaba ɗaya ƙarya ne, to da wannan ma ya haɗa.

Ƙasa ma tana da nata shaidar. A yankin Goronyo na Jihar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da kada, wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, kuma suka ƙiyasta ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, lokacin da teku ke kwance a wurin. A Suratul Ankabut an umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda halitta ta fara. Ba zai dace da mu ba, bayan wannan umurni, mu rufe ido idan an tono abin dubawar.

Faɗan da ba namu ba ne

Yawancin hayaniyar da ke iso mana kan wannan batu daga Amurka ta taso, kuma tana da nata tarihi. A can akwai wasu Kiristoci da ke riƙe da cewa shekarun duniya ba su wuce dubu shida zuwa goma ba, bisa lissafin zuriyoyin da ke littafinsu. Wani babban limamin coci a Ayalan, James Ussher, tun a ƙarni na 17 ya ƙayyade farkon halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da masana suka ce shekarun duniya sun kai wajen biliyan huɗu da rabi, sai rigima ta tashi, ta kai har kotu. A 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a Jihar Tenesi saboda koyar da ra'ayin Darwin.

Musulmi ba shi da wannan ɗaurin. Alƙur'ani bai ba duniya shekaru ba. Ya ambaci kwanaki shida, kuma shi da kansa ya nuna a Suratul Hajji da Suratul Ma'arij cewa yini a wurin Allah ba irin namu ba ne, yana iya kai shekara dubu ko dubu hamsin. Don haka tsufan duniya ko ƙashin dabbar Goronyo ba su taɓa aƙidarmu ba.

Daga baya wasu a Amurka suka fito da wata hanya da suka kira ƙirar mai hikima. Fitacce a cikinsu shi ne Michael Behe, wanda a littafinsa na 1996 ya ce akwai sassan jiki masu sarƙaƙiya, kamar 'yar wutsiyar da wasu ƙwayoyin cuta ke iyo da ita, waɗanda ba za su iya haɗuwa sannu a hankali ba, dole sai an ƙera su lokaci guda. A 2005 wata kotun tarayya ta yanke hukunci kan makarantun garin Dover cewa wannan ra'ayin addini ne, ba za a koyar da shi a matsayin kimiyya a makarantar gwamnati ba. Dalilinsu shi ne tsarin mulkinsu ya raba gwamnati da addini. Mu kuwa ɗalibinmu yana fita daga ajin Bayoloji ya shiga ajin Addinin Musulunci a makaranta ɗaya, ba ma buƙatar ɓoye sunan Mahalicci a bayan wata kalma.

Akwai kuma haɗari a cikin hanyar tasu. Tana neman Allah ne a gurbin da kimiyya ba ta kai ga bayyanawa ba. Ran da aka cike gurbin, sai imanin wanda ya jingina da shi ya girgiza. Irin waɗannan hujjojin ne marubucin nan na Turkiyya, Adnan Oktar, da aka fi sani da Harun Yahya, ya aro ya zuba a littattafai masu ƙyalli da suka yaɗu a ƙasashen Musulmi. Shi ba masanin ilimin halittu ba ne, kuma masana sun nuna kurakurai bayyanannu a cikinsu. Bai kamata mu ɗora imanin yaro a kan irin wannan ginshiƙi ba.

Sababi da Mai sababi

Tauhidinmu ya fi wannan faɗi. Musulmi yana ganin ikon Allah a cikin abin da aka gane yadda yake aiki, kamar yadda yake ganinsa a cikin abin da ba a gane ba. Manomin Faskari ya san iri da taki da ruwan Agusta, ya san ranar da ya yi huɗa, amma idan ya cika rumbu cewa yake Allah Ya ba da. Kowannenmu ya san iyayensa, ungozoma ta san watannin cikinsa, kuma babu wanda ya ga saɓani a faɗin cewa Allah ne Ya halicce shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali da wuta da auduga: muna ganin ƙuna idan sun haɗu, amma Mai samar da ƙunar shi ne Allah. Malaman aƙida sun yi saɓani kan yadda za a bayyana ƙarfin sababi, sai dai ɗan ɗariƙa da ɗan Izala duk sun haɗu a kan cewa babu sababin da ke aiki ba da izinin Allah ba.

A nan ne kuskuren Muhammad Yusuf kan ruwan sama ya fito fili. Sanin cewa rana na ɗaga tururi ya zama girgije bai kore cewa Allah ne ke saukar da ruwa ba. Kuma a nan ne kuskuren mulhidai irin su Richard Dawkins yake, waɗanda ke cewa tunda an gano yadda halittu ke sauyawa, to babu Mahalicci. Wannan magana ba daga ɗakin gwaji ta fito ba. Falsafa ce aka jingina wa kimiyya, domin babu ma'aunin da zai auna samuwar Allah ko rashinta. Ita ce muke ƙi ba tare da wata-wata ba.

Malaman Musulunci sun daɗe da bambance waɗannan. A 1888 Sheikh Husain al-Jisr na Ɗarabulus a ƙasar Labanan, malamin Rashid Rida, ya tattauna ra'ayin Darwin a littafinsa Risalatul Hamidiyya. Bai ga hujjojin zamaninsa sun kai yaƙini ba, amma ya bayyana cewa ko da sun tabbata, ba za su rushe imani ba matuƙar an riƙe cewa Allah ne Mai halitta da tsarawa.

Inda iyakar take

Saura batun mutum, kuma a nan ba za mu yi kwana-kwana ba. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Adamu (AS) a surori da dama, kamar Baƙara da Hijr da Sad: an halicce shi daga ƙasa, aka busa masa rai, aka umurci mala'iku su yi masa sujada. A Suratu Ali Imrana an kwatanta halittar Annabi Isa (AS) da tasa. Abin da jumhurun malamai suka fahimta, da da yanzu, shi ne Adamu ba shi da uwa ba shi da uba, kuma mu duka zuriyarsa ne. Ilimin halittu kuwa yana sa jikin mutum a cikin bishiyar sauran masu rai, yana kafa hujja da kamannin ƙwayoyin gado da ƙasusuwa irin wanda aka tono a hamadar Cadi a 2001. A nan ne ainihin wurin tattaunawa yake, kuma ɓoye shi ga ɗalibi ba gaskiya ba ne.

Masu bincike Musulmi na wannan zamani, irin su David Solomon Jalajel da Shoaib Ahmed Malik, wanda littafinsa kan Musulunci da wannan nazariyya ya fito a 2021, sun yi bayanin da ke da amfani ga ɗalibi. Nassi bai yi maganar yadda tsirrai da dabbobi suka samu daki-daki ba, don haka wannan fage a buɗe yake ga bincike. Halittar Adamu kuwa mu'ujiza ce, kuma mu'ujiza ba ta shiga ma'aunin kimiyya, domin kimiyya al'adar da ke maimaituwa take aunawa. Likita Musulmi ya san ba a samun ciki sai da namiji, yana aiki da wannan sani kullum, kuma ya yi imani cewa Nana Maryam ta haifi Annabi Isa (AS) ba tare da uba ba. Bai jefar da ilimin haihuwa ba, bai kuma jefar da ayar ba. Akwai malaman da suka fi wannan tsanantawa, akwai waɗanda suka fi sassautawa, kuma bai dace a yi gaggawar kafirta mai bincike a kan abin da nassi ya yi shiru ba. Abin da ba mu da ilimi a kansa, kamar zamanin da Adamu ya rayu, sai mu tsaya inda wahayi ya tsaya.

Abin da ya rage gare mu

Ga ɗalibin da ya yi tambaya a zaure, amsarsa ita ce: ka karanta babin da kyau, ka fahimce shi, ka amsa tambayar jarrabawa daidai. Idan an ce ka bayyana ra'ayin Darwin, labarin ra'ayinsa kake bayarwa. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa ko maganar kafirci ƙarara ce, mai hikayarta ba ya zama kafiri, balle darasin da mafi yawansa bayanin abin da ke faruwa ne a gonar mahaifinka.

Ga malamin Bayoloji, kada ya tsallake babin, kada kuma ya mayar da shi wurin yi wa addini ba'a. Ga malamin Islamiyya, ya nemi sanin abin da ke cikin littafin kafin ya yi hukunci a kansa. Imam Gazali ya yi gargaɗi game da mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, ya nuna cewa irin wannan ya fi maƙiyi cutar da addinin, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Mu ma mun gani: masana sun sanar da husufin rana na 29 ga Maris 2006 tun kafin ya zo, aka gan shi a Katsina da Gusau, aka kuma fita sallar kisfewa kamar yadda Sunna ta koyar.

Wannan ƙasa ba baƙuwar ilimi ba ce. 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai, tana nan kusa da Tsafe, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara. Daga ƙasar Katsina Muhammadu al-Katsinawi ya tafi har Alƙahira, inda ya shahara a ilimin lissafi kafin rasuwarsa a 1741. Iyayen da suka mayar da 'ya'yansu makaranta bayan abin da ya faru a Disambar 2020 sun yi abin da ya fi wuya. Abin da ya rage shi ne idan yaron ya dawo da tambaya, ya tarar da wanda zai zaunar da shi ya ba shi amsa. Matambayi ba ya ɓata, matuƙar ya sami wanda ya san hanya.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare imanin 'ya'yanmu, Ya dawo da zaman lafiya a yankunanmu. Allah ne Mafi sani.